Ku Buɗe Burtalin Arɗo Maccido

Da sunan Allah. Ni Malami Tamu na Birnin Malam, tsohon kansila, na rubuta wannan da hannuna. Hankalina cikakke ne, ƙafafu kawai suka ƙi kai ni masallaci tun bayan sallar layya. Waliyyu, Naziru da Raihanatu, ku karanta shi tare a gaban mahaifiyarku.

Na ɗaya. Gida da gonakin gero da awaki, liman ya raba muku yadda Allah ya ce. Littattafaina ku bar wa Raihanatu in kun yarda, ita kaɗai ke buɗe su.

Na biyu. Fadamar albasa da ke bakin rafi, da injin ban ruwanta, kada a sa su cikin rabo. Na san ita ce idonku ke kai. Ku ji yadda ta zo hannuna.

Shekarar da aka ba mu jiha ina kansila. Alhaji Arzika, babban dillalin albasa, ya riƙa zuwa gidan nan gaisuwa. Rago ranar sunan Raihanatu, buhun shinkafa da azumi. Bai roƙe ni komai ba har wata takwas. Ni kuwa na ce a raina gaisuwa ce, kuma ɗan mutunci ba ya mayar da gaisuwa. Sai ranar nan ya kawo maganar burtalin da shanun Arɗo Maccido ke bi zuwa rafi, wai a yanka shi gonaki, albasa ta ƙaru, motocin Aliero su cika. Maganarsa akwai hujja a ciki, ban ce babu ba. Amma Arɗo, wanda muka yi kiwo tare muna yara, ba wanda ya kira shi. Shi bai san ana bin kansila gida ba, yana ganin amincinmu ya isa. Ranar zaman majalisa na ɗaga hannu na amince. Da aka yanka filin, aka ware mini nawa.

Da rani shanu suka rasa hanya, suka faɗa albasa. Aka yi faɗa, aka sari ɗan Arɗo a kafaɗa, hannun bai ƙara moruwa ba. Arɗo ya kwashe rugarsa ya koma wajen Maiyama. Na aika sau uku, bai amsa ba. Wannan abu yana ci mini rai, kuma ina jin tsoron tarar da alhakinsa a kabari.

Ku tuge shingen da ya kewaye fadamar kafin a yi mini sadakar bakwai. Faɗin fadamar ya isa shanu su wuce. Ku je ku uku ku gaya wa Arɗo.

Na uku. Waliyyu, na ji kana son tsayawa kansila. Ban hana ka ba. Naziru, kai kana cewa a yi doka a hana kowa zuwa wurin zaɓaɓɓe, har kai da Waliyyu kun daina cin abinci tare. Ku bar wannan rikici. In aka rufe ƙofa, talaka za a rufe wa, Alhaji Arzika ya san ƙofar baya. Abin da na ce: mai buƙata ya zo ofis da rana, magatakarda ya rubuta sunansa da abin da ya zo nema, a kira wanda abin zai taɓa. In irin wannan doka ta zo, ku goya mata baya. In ba ta zo ba, Waliyyu, ka kafa wa kanka. Rago ya tsaya a waje, ko da za a ce ba ka da kunya.

Allah ya yi muku albarka, ya haɗa kanku, ya ciyar da ku halal. Ku riƙe mahaifiyarku, ku koma ƙwarya ɗaya, kada fadamar da ta raba ni da aminina ta raba ku.

In na cika, ku aika wa Arɗo kafin kowa. In ya zo, ku sa shi sahun gaba. In bai zo ba, kada wanda ya ga laifinsa, shingen dai ku tuge shi.