Taubashina ya ce bai ga motona ba, yau nasa yana hannuna

Assalamu alaikum jama'ar wannan zaure. Admin ka ɓoye sunana. Don Allah ku ba ni shawara tun ban aikata abin da raina yake raya mini ba.

Ni mutumin Kalfu ne ta yankin Tawa, shekara huɗu ina zuwa cin rani Lome, da dako da tallan shayi na haɗa kuɗin moto, wato babur, na shiga kabu-kabu. A bakin teku akwai wurin ajiye motoci a gefen titi, ka biya dala ashirin, wato sefa ɗari, mai gadi ya yaga tike biyu, rabi ya ɗaura a hannun moto, rabi ya ba ka. In moto ya ɓace ka kawo rabinka, mai wurin ya biya. Mai gadin nan taubashina ne, ɗan kawuna, mu ce sunansa Idi. Duk sanda na miƙa kuɗi sai ya ture hannuna yana dariya, wai bawa ba ya biyan ubangidansa a gaban mutane, ni kuma in rama in wuce. Wata bakwai ban taɓa karɓar tike ba, ina ganin zumunci ya fi takarda.

Ranar hutun ƙarshen shekara, bakin teku ba masaka tsinke, na ajiye moto a gabansa na je sallar la'asar. Na dawo babu moto. Da mai wurin ya zo, Idi ya dubi tsabar idona ya ce shi ranar bai ma gan ni ba, in da gaske nake in fito da tike. Aikinsa yake tsoro, na sani. Har komisariya muka je wajen 'yan sanda, can ma tiken aka tambaya. Wallahi ban taɓa jin baƙin ciki irin na ranar ba.

Na dawo Tawa hannu rabbana, yanzu kura nake turawa a kasuwar dabbobi. Inna ta hana ni ɗaga maganar, ta ce ɗan ƙanenta ne, in bar wa Allah. Na yi shiru, har gaisawa muke, shi ya ɗauka ta wuce.

To bana Idi ya zo gida da sabon moto fil. Da zai koma Lome ya kawo shi gidanmu ajiya, ya ba Inna, gwaggonsa, makulli da takardun moton, ko shaida bai kira ba. Har da ce mini: "Bawana, ka riƙa tada shi kar batir ya mutu." Inna kuwa ta miƙo mini komai.

Akwai wani dillali daga Takanamat da ya ga moton, ya yi ciniki, Lahadi zai zo. Ni so nake in sayar, ran da Idi ya dawo in zaunar da shi a gaban dangi in ce ban taɓa ganin motonsa ba. Abin da ya tsaya mini kawai Inna, don a hannunta ya ba da amanar, ita za a kira maciyiya amana a gidan ƙanenta, ba ni ba.

Ku faɗa mini gaskiya, in haƙura saboda tsohuwa? Ko in bari ya zo ya tambaya, in miƙa masa hannu in ce ina tikenka?