Likitan Gidana Ya Ajiye Bayoloji Ban Sani Ba

Malama, ki taimake ni da shawara kafin in aikata abin da zan dawo ina cizon yatsa. Ni tsohon kafinta ne, kuma a gaban masu ba da labari na tashi, saboda haka na san yadda magana take yin ƙiba a hanya. Shi ya sa bara waccan, da mai askina ya tsaya da reza a wuyana ya ce wai ya ji ɗana ya bar karatun likita, dariya kawai na yi, ita ma a hankali saboda rezar. Mutumin nan ya taɓa rantse mini cewa ya ga an yi ruwan sama da kifi. Na ce ƙanzon kurege ne, na kakkaɓe rigata na tafi.

Yaron nan tun yana rarrafe muke kiransa Likita. Sunan ya bi shi makaranta, ni kuma a layinmu Baban Likita ake ce mini, har masu kawo gyaran kujera sun manta sunana na yanka. Na shaƙi garin katako shekara da shekaru don kada ɗana ya saƙala fensir a kunne irina. Yanzu yana ajin ƙarshe na sakandare, jarrabawar fita saura 'yan watanni.

To, kwanan nan maganar ta sake tasowa, tun daga nan nake ta tuno abubuwa, kowanne na ɗaga sai in ga kunama a ƙarƙashinsa.

Akwai ranar da ya zo shago ya ce in yi masa teburin karatu mai gangare, ya miƙo mini zanensa a takarda, da awo da komai, layi tsaf kamar an ja da inji. Na yi masa da katakon da nake ɓoyewa manyan kwastomomi. Na ɗauka littattafan likitoci nauyi gare su, sai an jingina. Har yawo na yi da takardar ina nuna wa maƙwabta hannun likita. Mai askin nan ya duba ya ce shi dai likitocin da ya sani ba a iya karanta rubutunsu. Na ce hassada ce.

Akwai kuma wani malaminsu, siriri mai tabarau, da ya zo ya ba ni aikin allunan zane na makaranta. Yana ta fara'a, yana shafa katako, ya ce ɗana yana da hannu, kada a bari ya lalace. Na yi godiya, a zatona hannun tiyata yake nufi. Ashe shi ne malamin zanen gine-gine. Yanzu ki gaya mini, mutumin da ya tako har shagona, ya sha ruwana, ya kasa faɗa mini gaskiya, me yake ƙullawa? Na ji an ce irin darasinsa idan ɗalibai suka yi kaɗan rufe shi ake yi. Anya ba ɗana ya kama ya cike benci da shi ba?

Sai ranar da zarto ya yanke ni a tafin hannu. Likita yana wurin. Yana ganin jini ya yi fari fat, ya zame ya zauna a ƙasa. Ƙanwarsa ce ta wanke ciwon, ta matse, ta ɗaure, tana yi mini faɗa kamar uwata. Na ce tausayin uba ne ya kayar da shi.

Yaron zai ce miki ya taɓa neman izinina, ni kuwa ban yarda ba. Abin da na sani shi ne wata rana ya tsaya a ƙofar shago injin yankan katako yana ta ƙara, ya ce yana son mu yi magana kan darussansa. Na ce ya bi abin da malamansa suka ce, ni farar riga nake jira. Wannan shi ne izini?

Ga inda take. Mako mai zuwa an kira iyayen 'yan ajin ƙarshe, za a zauna da kowane ɗalibi a tsayar da abin da zai nema a jami'a. Niyyata in je in ce a mayar mini da shi ajin bayoloji, ko da zai maimaita shekara biyu, kuma in wanke mai tabarau tas a gaban shugaban makaranta. Yaron ya daina haɗa ido da ni, ni ma ban tambaye shi ba, don ina tsoron amsar.

Za ki ce har yanzu jita-jita ce. Da haka nake rarrashin kaina, don mai aski ne ya fara, maƙwabta suka ɗauka. Amma wadda ta faɗa mini na ƙarshe ba a shagon aski take ba. Shekaranjiya tana ninke kaya, ko ɗagowa ba ta yi ba, ta ce gaskiya ne, kuma ita ce ta je makarantar ta amince a madadina. Maman Likita ce, matar da nake kwana ɗaki ɗaya da ita.

Naki,
Kafinta mai jiran farar riga

Baba Kafinta,

Sannu da wannan nauyi. Kana da gaskiya a wuri ɗaya, kuma ba ƙarami ba: an yanke babbar magana kan ɗanka aka bar ka a duhu shekara biyu. Maman Likita ba ta kyauta ba da ta ɓoye maka, makaranta ma ya kamata ta tabbatar uba ya sani. Ka faɗa wa Mama ɓacin ranka a ɗaki, ku biyu. Amma ka bar mata dama ta gaya maka abin da ya sa ta ji tsoron faɗa maka, kuma ka saurara har ta kai aya.

Sai dai ka sake karanta wasiƙarka. Ka ce mai aski ne ya fara gaya maka. Ni a ganina yaron ne ya fara, ranar da ya tsaya a ƙofar shago, inji ya fi shi murya. Ya sake gaya maka da zanen tebur, jikinsa ma ya gaya maka ranar zarto. Yaron da unguwa duka ke kiran ubansa Baban Likita, da wane baki zai ce ba ya so?

Game da malamin, zarginka abin a bincika ne, ba abin a yi shelarsa ba. Kafin ranar taro ka je makarantar kai kaɗai, ka nemi malamin da ke ba ɗalibai shawara, ka ce a nuna maka sakamakon ɗanka tun kafin ya canja darasi har zuwa yau. Idan da can yana jan ƙafa a bayoloji, yanzu kuma yana kan gaba a lissafi da zane, to mai tabarau bai sace maka ɗa ba, tsinto maka shi ya yi. Idan kuwa sakamakon ya zube bayan canjin, kana da hujjar tambaya, kuma a ofis za ka yi ta, da ladabi. Gani ya kori ji.

Batun mayar da shi bayoloji, ka yi tunani irin na kafinta. Katakon da aka yanka aka fere don ƙofa, ba a mayar da shi ƙafar gado saura kwanaki a kai wa mai shi. Karatun shekara biyu ba ya shiga kai a 'yan watanni, kuma maimaita aji dole kan yaron da ba ya so yakan jawo a rasa duka biyun. Abin da za ka tambaya a makaranta shi ne: da darussan da ke hannunsa, waɗanne fannoni ne a buɗe gare shi, wane maki ake bukata, yaushe ake rufe neman gurbi, kuma mene ne zaɓi na biyu idan na farko bai samu ba. Idan ka san wani mai zanen gine-gine cikin waɗanda kake yi wa aiki, ka kai yaron ya yini a ofishinsa, ya ga wahalar aikin da daɗinsa.

Amma kafin duk wannan, ka kashe inji, ka kira shi, ku zauna a gaban teburin nan da ka yi masa. Ka ce ya nuna maka zanensa. Kai ne mutum ɗaya a gidan da zai gane ko awonsa daidai ne. Kada ka bari ranar taro ta zama ranar da za ku fara wannan magana a gaban baƙi. Kuma ka kira shi da sunansa na yanka, ko sau ɗaya, ka ga yadda fuskarsa za ta yi.

Sannan, Baba, yarinyar nan da ta ɗaure maka hannu ba ta ko ƙifta ido ba, ka taɓa tambayarta abin da take son karanta? Tambaya na ce, kada gobe ka laƙaba mata suna.

Allah ya sanyaya maka zuciya, ya ba yaron sa'ar jarrabawa, ya sa ka ga ranar da za a ba ka aikin ƙofofin gidan da ɗanka ya zana.