Ina Takardar Kewayen Gonar Baba Ilu?

Zuwa ga Magatakardan kotun da ta fara sauraron shari'ar gonar Baba Ilu,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan alheri, ranka ya daɗe, ba zan kama sunanka ba, ka san kanka. Sau huɗu ina rubuto maka a rufe ba amsa, shi ya sa yau na rubuto a buɗe.

Ni lauya ne a Kazaure, a aikin ɗaukaka ƙara na yi furfura. Alƙalan sama ba sa zuwa gona, ba sa ganin idon mai rantsuwa. Abin da ka aiko a kundi shi ne ya faru. Abin da ba ka aiko ba, ko duk ƙauye sun gani, bai faru ba.

Na farko. Baba Ilu dattijo ne manomi a wani ƙauyen Roni, maƙwabcinsa ya ci masa iyaka. Alƙalinku ya taka har gonar, ya ga layin gambar da mahaifin Baba Ilu ya dasa. Malam Sale, tsohon da aka dasa ta a gabansa, ya ba da shaida a wurin. Da wannan aka ba Baba Ilu gaskiya.

Na biyu. Da maƙwabcin ya ɗaukaka ƙara, kundin da kuka aika babu ko layi ɗaya a kan wannan kewaye. Na zo ofishinka na tambaya. Ka ce ba a fita da babban littafi daji, a falle ake rubutawa, in an dawo a kwafe. Ba a kwafe ba, fallen kuma ba ka san inda yake ba. Kana faɗa min kana ɓare gyaɗa.

Na uku. Na tsaya gaban alƙalai ina kare hukuncin da ba shi da ƙafa a takarda. Suka soke shi, suka ce a sake shari'a. Ban ga laifinsu ba. To, da wa za a sake? Malam Sale ya rasu da kaka. Gambar kuma maƙwabcin ya sa garmar shanu ta tumɓuke ta.

Abin da ya fi ci min rai, ranar da aka sa garmar 'ya'yan Baba Ilu sun tashi za su hana, ni na taushe su, na ce su bar wa doka. Suka ji maganata. Yanzu duk ranar kasuwa dattijon yana hawo acaɓa ya zo ofishina, ya tuɓe takalmi ya gaishe ni, ni kuwa in rasa inda zan sa idona. Ga damina ta ƙarato, irin geronsa na rataye a rumbu.

Roƙona biyu ne. Ka sa a zazzage kowace durowa a ofishinka. Daga yau kuma kada kundi ya fita sai an kwafe abin da aka rubuta a gona.

Allah ya ƙara maka girma, ya sa kada haƙƙinka ya taɓa rataya a kan fallen da wani ya manta. In an samu takardar, ko gara ta cinye rabi, ka aiko min da rabin.

Wassalam.

Lauyan Baba Ilu,
Kazaure.