Abah Ya Ce Yana Gani

Zuwa ga yayana Abang Zulkarnain,

Assalamu alaikum. Da fatan kana lafiya a Perth, kai da iyali, Allah ya ƙara lafiya. Mahaifiyarmu Mak da sauƙi, ƙafar ce dai. Ni kuwa raina a ɓace yake, kuma maganar idon mahaifinmu Abah ce.

Ka san na'urar da aka dasa masa a bayan ido. Kowace 'yar waya a cikinta za ta saki lantarki kaɗan, ya ga ɗigon haske ɗaya. Matsalar ita ce wutar tana bazuwa, ɗigon su cakuɗe kamar tawada a jiƙaƙƙen ƙyalle. Wata takwas Dakta Quek tana saita su ɗaya bayan ɗaya, tana tambayarsa ko ɗigo ɗaya ya gani ko biyu, don in biyu ne, sun rabu ke nan, saitin ya yi. Shi dai burinsa ya ga ko inuwar Mak ce idan ta shigo ɗaki. Kullum sai ya amsa da biyu, tar. Baiwar Allah har tafi take yi.

Ranar Talata, muna cikin bas za mu koma gida Bedok, ya ce min tun wata na biyu ba abin da yake gani sai hazo. Wallahi na yi masa tsawa a gaban mutane, Allah ya yafe min. Na ce don me? Wai yarinyar nan ko abincin rana ba ta ci saboda shi, da wane baki zai ce wa 'yar mutane aikinta bai yi ba? Ya ce ni da bakina kamar reza ba zan gane ba. Ka ji fa, kunya a gaban likita!

Na sanar da Dakta Quek. Sai ta ce duk saitin a kan amsoshinsa ta gina shi, ga gwajin na'urar zai ƙare ƙarshen watan nan, babu lokacin sake farawa. Ita ce ma take ba mu haƙuri. Na yi kuka, Abang.

Mak ba ta sani ba. Ya taɓa ce mata yana hango ɗankwalinta ruwan ɗorawa, shi ya sa kowace safiya shi take ɗaurawa, ta tsaya bakin ƙofa tana jira ya ce ga ta nan. Idan kun yi waya, kada ka faɗa mata.

Ka gaida iyalinka, Kak Rohaya da Izzati.

Ƙanwarka,
Suriati