Ciwon da Ke Bin Jinin Uwa

Auta,

Assalamu alaikum. Ina fatan kuna lafiya ke da Inna. Ya kunnen nata, ya kuma sugan?

Har yanzu muna asibiti. Ɗanlele ya daina riƙe cokali, farfaɗiyar ma ta dawo. Sakamakon gwajin ya fito. Likita ta ce ƙwayoyin jikinsa ne ba sa samar da ƙarfi, kamar tocila mai raunin batir. Ba a warkewa, sai dai a yi ta lallaɓawa. Ciwon gado ne, kuma irin nasa ta wajen uwa kaɗai yake bi. Ni na ba shi, Auta. Ni kuma daga Inna na samo. Da na ambaci kunnen Inna da suganta, sai likitar ta gyaɗa kai kawai.

Kin san shekarun da Inna ta yi tana cewa jinin gidan mijina ne, har ta hana shi taka ƙofarta. Da ya ji sakamakon, ruwa kawai ya miƙo min. Gara a ce ya zage ni.

Akwai ƙungiyar iyaye masu irin yaranmu, suna zama a wani ɗaki bayan wajen karɓar magani. Wata ta ba mu keken guragun ɗanta da ya rasu. Na karɓa ina kuka.

Af, kada ki karanta wa Inna wannan, zuciyarta ba za ta ɗauka ba.

Yayarki.

Yaya,

Wa alaikumus salam. Allah ya ba Ɗanlele sauƙi. Amma wallahi kin ƙona min rai. Wa yake ajiye gargaɗi a gindin takarda? Kin fi kowa sanin Inna ba ta yarda in buɗe wasiƙarki sai a gabanta, kuma da ihu nake karanta mata a kunne. Sai da na kwarara "daga Inna na samo" har maƙwabta suka ji, sannan idona ya kai ƙasa.

Ta ce in maimaita. Na maimaita. Sai ta tambaye ni ko ciwon nan ne ya ɗauke mata ɗanta na fari, wanda ya rasu bai taɓa tsayawa da ƙafarsa ba. Na ce ban sani ba. Tun ranar abinci sai na yi da gaske take kai loma biyu. Tsoro nake ji, Yaya, har da na kaina.

Takardar da ke haɗe da wannan ba taki ba ce, ki ba mijinki.

Ƙanwarki, Auta.

Baban Ɗanlele,

Sallama da ban gajiya. Auta ke rubutawa, ni nake faɗa.

Na ɗora maka abin da a jikina yake. Ka yafe min don Allah. Ina so in zo in taya ku jinyar jikana. In ka ce kada in zo, ba zan ga laifinka ba.

Surukarka.