Shugaban Reshen Makka

Mansur, Makka
Watan Rajab

Yaya Abdulƙadir,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana lafiya kai da iyali. Mu ma nan alhamdu lillahi, sai dai ciwon gwiwar maigidan, Abu Manar, wanda ku a can kuke kira Alhaji Tsoho. 'Yarmu Manar kuma tana da juna biyu, muna sa ran saukarta bayan ƙaramar salla.

Ga saƙon da ka nema nan a hannun Hajiya Mujahida da ta zo umara. Ita ce za ta ba ka wannan takarda, don maganar ba ta waya ba ce.

Da na faɗa wa Abu Manar cewa kwamitinku zai gina ɗakin karatu a Kabo da sunan marigayi Malam Ma'aruf, sai da ya yi hawaye. Ku a gida kun san Malam da yawon ƙauyuka a kan keke yana wayar da kan mutane lokacin neman 'yancin kai, da ɗaurin da Turawa suka yi masa. Mutanen unguwarmu Mansur kuwa da wani abu daban suka san shi. Da ya zo hajji bayan samun 'yanci, ya tarar da alhazan da suka zo da ƙafa sun maƙale ba takarda ba guzuri, cikinsu har da mahaifin Abu Manar, ya tsaya musu har aka bar su suka zauna. Hoton Malam na nan a ɗakinmu tun kafin a kawo ni gidan.

Saboda haka ran Juma'a na dafa shinkafa da kaza, dattawa suka zo daga Utaibiyya da Aziziyya kamar yadda suka saba. Da aka gama ci, kowa ya tura abin da ya sawwaƙa ƙarƙashin faranti. Ba wanda ya ga na wani.

Yanzu ka saurare ni da kyau, Yaya, don na san halinka da son taro. Abu Manar ya ce kada a ambaci sunansa, kada a ambaci na kowa, kada ma a ce daga Makka ya fito. Nan ba Kano ba ce. Ba a tara kuɗi a hannun jama'a sai da izinin hukuma, mu kuwa ba mu da shi. A nan aka haife shi, amma har gobe da iƙama yake zaune, takardar zaman baƙi, kuma a Shawwal za a sabunta masa. Ƙaramin abu sai ya ɓata ta. Ka karɓa, ka sa a gini, ka yi shiru.

Ka gaishe min da kowa da kowa. Na sa maka dabino da turare a jakar Hajiya.

Ƙanwarka,
Ramlatu

*

Ofishin Sakatare,
Gidauniyar Tunawa da Malam Ma'aruf Kabo, Kano
Watan Sha'aban

Zuwa ga ƙanwata Hajiya Ramlatu,

Aminci da yardar Allah su tabbata a gare ki. Saƙo ya iso lafiya, dabino kuma jikoki sun gama da shi tun a daren farko.

Ina farin cikin sanar da ke cewa an yi taron ƙaddamar da gidauniya, kuma ya ƙayatar ƙwarai. Rumfuna sun cika har mutane na tsaye a rana. 'Yan'uwanmu na Landan da na Amurka sun aiko da nasu, aka yi musu tafi daidai gwargwado. Amma da sanƙira ya ɗaga murya ya ce ga gudummawar mutanen Makka, filin nan sai da ya ɗauki kabbara. Na ga tsofaffi suna share ido.

Na karanta abin da kika rubuta game da ɓoye suna, na yi murmushi. Alhaji Tsoho ke nan, mutum mai kunya da kawaici. Ramlatu, na yi shekaru ina shugabantar makaranta, na zauna a kwamitoci ba adadi, ban taɓa ganin mutumin kirki ya ba da gudummawa bai ce a ɓoye sunansa ba. Haka ake faɗa. Mai karɓa kuma aikinsa ne ya ƙi, in ba haka ba ya zama butulu. Da na yi shiru, da wane ido zan kalle shi? Kuma jama'a za su ce kuɗin Makka ya shigo hannun sakatare ya ɓace.

Batun izini kuwa, kin cika tsoro tun kina yarinya. Wace hukuma ce za ta kama dattijo don ya taimaka an gina ɗakin karatu?

Don haka na sa aka buga hoton nan da muka ɗauka da shi shekarar da na yi hajji, aka ƙara masa girma, aka rataye kusa da na marigayi. Kwamiti kuma, bisa shawarata, ya naɗa shi Shugaban Gidauniya Reshen Makka. Sanƙira ya yi ta nanata sunan, ya bayyana yadda yake tara jama'a a gidansa a Mansur duk Juma'a. Yara sun ɗauki bidiyo sun sa a intanet, na tabbata zai iso gare ku kafin wannan takarda.

Ki isar masa da taya murnata. Allah ya saka da alheri.

Yayanki,
Malam Abdulƙadir
Sakatare

*

Mansur, Makka
Ƙarshen Sha'aban

Yaya,

Assalamu alaikum. Gaisuwa a taƙaice.

Bidiyon ya iso. Ya iso kowace waya a Mansur. Wani ɗan albarka ma ya fassara shi da Larabci, wai don yaranmu da ba sa jin Hausa sosai su ga abin alfahari. Yanzu ba wanda bai san akwai “reshen Makka” ba, da shugabansa, da unguwarsa, da ranar da ake taruwa.

Wane reshe, Yaya? Wa ya aike ka? Tsofaffi ne suka ci shinkafa suka tuna da wanda ya yi wa iyayensu alheri, kai ka mayar da su ƙungiya. Na rubuta maka da Hausa, ba da wani yare ba. Na ce kada. Kai kuma ka zauna kana murmushi kana fassara ni.

Juma'ar da ta wuce na dafa abinci, ba wanda ya zo. Ban ga laifinsu ba. Matan da muke gaisawa a bakin shago yanzu sai su ɗaga min hannu daga nesa su wuce. Ɗaya ta kira ni tana kuka, ta ce, “Ummu Manar, billahi in aka tambayi mijinki kada ya ce mu. Yarana shida, ba mu da kowa a Nijeriya.”

Kafilinsa, mutumin da shagon ɗinkinsa ke ƙarƙashin sunansa, ya zo da kansa da wayar a hannu. Shekara da shekaru suna tare ba su taɓa sa-in-sa ba. Ya ce, “Ya Abu Manar, wannan mushkila ce babba. In ta taso ni ba ruwana.” Bai ko zauna ya sha shayi ba.

Ka san abin da ake yi wa baƙo in an same shi da irin wannan? Tarhil, a sa shi a jirgi a mayar da shi ƙasar da ke rubuce a fasfonsa. Mutumin nan ya haura sittin bai taɓa taka Nijeriya ba. Uwarsa da ubansa a nan suke kwance. Ko Jidda ya kwana biyu sai ya ce shi gida zai koma.

Abin da ya fi ƙona min rai, bai ce uffan a kanka ba. Yana zaune a kan keken ɗinki yana ta ɗinke-ɗinken azumi, in mota ta tsaya a ƙofar shago sai ƙafarsa ta tsaya. Ni ce nake zaginka a madadinsa, Allah ya yafe min.

Ka sa a sauke bidiyon nan. Ka cire hoton. Kada ka kira shi a waya.

Ramlatu

*

Kano
Watan Ramadan

Ƙanwata Ramlatu,

Assalamu alaikum, da fatan kuna shan ruwa lafiya.

Takardarki ta tayar min da hankali, ko da yake wasu kalmomin ba su dace ƙanwa ta faɗa wa yayanta ba. Na bar wannan. Allah ne shaidata, girmama shi na yi niyya.

Na sa yaran sun sauke bidiyon daga shafinmu, amma sun ce mutane da yawa sun riga sun kwafa, ba yadda za a bi su ɗaya bayan ɗaya. Hoton na cire shi da hannuna, yana ɗakina.

Na kira taron gaggawa na kwamiti, mun kuma sami mafita. Za mu rubuta takarda a hukumance, da hatimi da sa hannun dukkan 'yan kwamiti, a fassara ta da Larabci, mu bayyana cewa Alhaji Tsoho amintaccen wakilinmu ne, kuma duk abin da ya tara ya iso cif, ba a taɓa ko sisi ba. Za mu haɗa da hoton harsashin ginin, wanda ya riga ya fito daga ƙasa. Duk jami'in da ya ga wannan zai gane aikin alheri ne. Ki faɗa min ofishin da za a aika wa, ko in ba wani mai zuwa umarar goman ƙarshe ya kai da hannu.

Ki kwantar da hankalinki. Ina sa ku a addu'a kullum bayan tarawihi.

Yayanki,
Abdulƙadir

*

Mansur, Makka
Shawwal

Yaya,

Assalamu alaikum, barka da salla.

Don girman Allah kada ka aiko da takardar nan. In ka riga ka rubuta, ka ƙona ta. Ba wanda ya ce ya ci kuɗi. Tarawar ita ce laifin, kai kuma kana so ka buga mata hatimi.

Ko da yake ma an gama. Hukuma ta kira shi bayan salla. Na so in bi shi ya hana, ya sa farar doguwar rigarsa ya tafi shi kaɗai da sandarsa. Bai dawo ba sai bayan kwanaki, ni da Manar muna zaune kamar masu zaman makoki, ga ta da tsohon ciki. Ba su wulaƙanta shi ba, ya ce har kujera suka ba shi saboda gwiwar. Sun nuna masa bidiyon, ya ce shi ne. Suka ce su wane ne 'yan reshen, ya ce babu reshe. Suka ce to su wa suka ba da kuɗin, ya ce baƙi ne suka ci abinci a gidansa, kuma shi bai ga hannun kowa ba. Gaskiya ya faɗa, amma ya san waɗanda suka zo, ya ƙi faɗa. Sun juya tambayar ta kowace fuska, amsarsa ɗaya.

Mijin Manar ɗan ƙasa ne, ya yi ta shiga da fita, ya ga duk wanda zai iya gani. Abin da ya samo mana shi ne ba za a ɗaure shi ba, za a bar shi ya fita da ƙafarsa. Iƙama kam ba za a sabunta ba.

Jiya dattawan nan suka zo, ɗaya bayan ɗaya, ba su yarda sun haɗu ba. Kowa ya rungume shi ya fita.

Na gaji da fushi, Yaya. Yanzu tsoro kawai nake ji. Ya ce shi zai rubuto maka da kansa.

Ramlatu

*

Makka
Zulƙida

Malam Abdulƙadir,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ni ne Tsoho. Ni nake faɗa Ramlatu na rubutawa, don ban iya rubutun boko ba.

Na ji ka daina cin abinci sosai. Ka ci. Ban riƙe ka a zuciya ba, halas, maganar ta wuce. Ginin kuma kada a tsayar da shi saboda ni. Malam Ma'aruf ya cancanta.

Manar ta sauka, namiji, an sa masa Taha. Na yi masa huɗuba da bakina, alhamdu lillahi. Ramlatu za ta zauna da ita har ta yi arba'in, sannan mu ga abin da Allah zai yi da tata takardar. Na sayar da keken ɗinki. Na je na yi wa iyayena sallama, na yi ɗawafin bankwana a kan kujerar turawa.

Jirgina zai sauka Kano ranar Talata mai zuwa da rana. In akwai ɗaki a ƙasa wanda ba sai an hau bene ba, ina so. Don Allah ban da kwamiti, ban da masu tarba. Ka zo da kanka, kuma ka zo da wuri, ka tsaya inda zan gan ka. Ban san kowa a ƙasar can ba sai kai.

Wassalam,
Tsoho