Gyaran da Rakiya Ta Yi

Laraba, bayan isha'i, unguwar Nima

Yau Alhaji mai makaranta ya kori ɗalibata Rakiya daga ajina.

Sati biyu ke nan sabar ajin kwamfuta, wato babban injin da sauran kwamfutocin ke dogara da shi, tana sanƙarewa bayan la'asar. Rakiya ce ta gano dalili: tare muke fita salla, tare muke dawowa, kowa ya haɗu da sabar lokaci guda. Wurin ajiyar da kernel, wato zuciyar manhajar sabar, ya ware wa soket, ƙofofin shigar saƙonni, sai ya cika, ya fara zubar da saƙonni. Na ce ta ɗaga iyakar wurin ajiyar. Ni da kaina na ba ta kalmar sirrina da safe.

Alhaji ya shigo ya tarar da ita a kujerata, ta gama gyaran ke nan.

"Wa ya ba ki izinin taɓa injina?"

Ta dube ni. "Malam, gaya masa mana."

Na tuna aikina a hannunsa yake. Na ce, "Alhaji, a yi haƙuri, yarinya ce."

Ta ɗauki jakarta ta nufi unguwar Maamobi, ko sallama babu.

Da muka dawo daga la'asar, sabar ko gezau. Alhaji ya dafa kafaɗata ya sa mini albarka.

Na ce amin.